Agogo ya ce na ƙona kalori 600: in ci su ko in bar su?

Ɗan Boukoki:

Salamu alaikum ƴan'uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar rage ƙiba da lissafin kalori. Shekarata 38, tsawona santimita 175, nauyina kilo 92. Aikina na zama ne, daga hantsi har la'asar ina cikin shago. Na sa manhajar MyFitnessPal a waya, ta yanka mini kalori 1,800 a yini. Bayan sallar asuba nakan zagaya filin wasa na Seyni Kountché a Yamai da tafiya mai sauri, awa guda, wajen kilomita biyar da rabi, kwana biyar a sati. Ran Lahadi da yamma kuma ƙwallo a unguwa. Agogon hannuna yana nuna na ƙona kusan 600 a kowace tafiya, sai manhajar ta ɗora su kan 1,800 ɗin, ta ce yau 2,400 gare ka. Ni kuwa ina ci, tunda ita ta ba ni izini. To sama da wata guda ke nan sikeli ya ƙi motsi. Wasu sun ce kar in taɓa ko ɗaya cikin abin da na ƙona, wasu sun ce in ban mayar ba jiki zai kulle ya daina ƙona kitse. Wanne zan kama? In akwai lissafi a nuna mini, lamba ba ta ba ni tsoro.

Mai Horo Yantala:

Wa alaikumus salam Malam. Tsarin manhajar ba shi da laifi, lambar da agogo ke miƙa mata ce ta kumbura.

Fara da sanin inda 1,800 ɗin ta fito, don amsarka a nan ta rataya. Akwai lissafin Mifflin-St Jeor na 1990, da shi galibin manhajoji ke gano abin da jiki ke ƙonawa ko da mutum ya yini kwance: nauyi sau 10, a tara da tsawo sau 6.25, a cire shekaru sau 5, namiji ya ƙara 5, mace ta cire 161. Naka 920 da 1,094, a cire 190, a ƙara 5, ya tashi wajen 1,830. Mai aikin zama akan ninka masa wannan sau 1.2 zuwa 1.25, ya kama 2,200 zuwa 2,300. Da aka cire 500 don ka riƙa sauka a hankali, sai aka samu 1,800. Ke nan tafiyarka ba ta cikin wannan lissafi, shi ya sa ake ɗora ta daga baya. Wanda kuwa tun farko ya ce yana motsa jiki sau uku zuwa biyar a sati, aka ninka masa sau 1.55, nasa motsin ya riga ya shiga. In ya sake cin abin da agogo ya nuna, abu ɗaya ya ƙirga sau biyu. Shi amsarsa gajera ce: kar ya mayar da komai.

Kai naka sai an tambayi nawa ka ƙona da gaske. Ana auna ƙarfin motsa jiki da ma'aunin MET. MET 1 shi ne zama shiru, kusan kalori 1 ga kowane kilo na jiki a awa guda. Tafiyar kilomita 5.5 a awa tana wajen MET 4.3, sau 92 ya ba da 396. Amma cikin 396 ɗin akwai 80 zuwa 90 da za ka ƙona ko kana zaune kan tabarma kana lazimi, kuma suna cikin lissafin farko. Kai ɗan kasuwa ne, ka san ciniki daban riba daban. Agogo ciniki yake nuna maka da uwar kuɗi a ciki, ribar tafiyar wajen 300 ce. Kana iya gwadawa ta wata hanya: tafiya a ƙasa shimfiɗaɗɗiya tana cin kusan rabin kalori ga kowane kilo a kowace kilomita, gudu kuma kusan kalori 1. Rabin 92 sau 5.5 ya ba da 253. Duk ta inda ka biyo, tsakanin 250 da 300 kake.

To ina agogo ya samo 600? Ba ya auna kalori, bugun zuciya da lilon hannu yake gani, sai ya yi kirdado. A 2017 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan na'urori bakwai a hannun mutum 60. Wajen ƙirga bugun zuciya shida daga ciki sun yi kyau, kuskurensu bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Wajen kalori kuwa wadda ta fi kowace kusa da gaskiya ta kauce da kashi 27, ta ƙarshe da kashi 93. Kuma bugun zuciya yana hawa da zafin rana, da ƙishirwa, da ƙarancin barci, da shayi mai kauri, alhali aikin da ƙafa ke yi bai ƙaru ba. Injin gudu na gidajen motsa jiki ma yakan kauce in ba a shigar masa da nauyin mutum ba.

Saura abu ɗaya. Jiki ba ya barin 300 ɗin ta tafi haka nan. Wani bincike da ya fito a 2021 kan mutum 1,754 ya nuna cewa jiki yana maido da kusan kashi 28 cikin 100 na abin da motsi ya ci, ta hanyar rage abin da yake kashewa a wasu wurare, kuma ga masu kitse da yawa abin yana kusan kai rabi. Tun 2012 Herman Pontzer da abokan aikinsa suka auna ƴan ƙabilar Hadza na Tanzaniya, mafarauta masu yini a ƙafa, suka tarar abin da suke ƙonawa a yini, in an yi la'akari da girman jiki, bai wani ɗara na mazauna biranen Turai da Amurka ba. Ban da wannan akwai wanda ake gani da ido: wanda ya yi tafiyar asuba shi ne da rana zai aiki yaro ya ɗauko abin da ke bayan shago, ya hau moto zuwa masallacin da ke tsallaken titi.

Abin da ya rage maka a hannu wajen 200 ne. Kana cin 600. Kowace ranar tafiya ka cinye 400 daga giɓin 500 da aka tsara maka. A sati an so ka tara giɓin 3,500, kwana biyar sau 400 sun kwashe 2,000, saura 1,500. Kilo ɗaya na kitsen jiki wajen kalori 7,700 ne, ke nan giram 200 a sati, abin da kofin ruwa ɗaya zai ɓoye a sikeli. In kuma akwai cokali biyu na mai da ba ka rubutawa a yini, shi ke nan an tashi babu.

Maganar jiki zai kulle, a bar ta. Gaskiya ne jiki yana rage ƙonawa kaɗan in mutum ya rame, amma ba ya tsayawa, kuma namiji mai kilo 92 da ke cin 1,900 bai kusa da wannan damuwa ba. Ni shawarata ka shiga saitin manhajar ka hana ta ɗora kalorin motsa jiki, ko ka raba ta da agogon gaba ɗaya. Ɗauki 200 sau biyar, ka raba kwana bakwai, wajen 140 ke nan, ka ɗora kan 1,800. Ka riƙa cin 1,900 zuwa 1,950 kullum, ranar tafiya da ranar hutu duk ɗaya. Lamba ɗaya ta fi sauƙin riƙewa, kuma tana kashe tunanin nan na yau na wahala, bari in saka wa kaina.

Malama Mai Usur:

Lissafin Malam Mai Horo daidai ne ga mai tambaya, ban da abin cewa. Tsorona masu karantawa ne da za su ɗauki “kar a mayar” su ɗora wa kowa. Mai tafiyar awa guda daban, mai gudun kilomita 12 daban, haka ɗan kokawa da ke atisaye safe da yamma, da matasan da ke shirin gwajin shiga soja ko jandarma, da mai zuwa aiki a keke daga unguwar Harobanda zuwa ta Lazaret ya dawo.

Ga yadda nake raba su. Abin da bai wuce awa guda ba kuma kana iya magana cikinsa, ba ya buƙatar abinci na musamman, ruwa ya isa. Daga awa guda zuwa awa ɗaya da rabi na aiki mai sa haki, a yi lissafin MET, a cire na zama, a mayar da rabi. Abin da ya wuce minti 90 kuwa, ba ma bayan an gama ba, cikin aikin ake ci: giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari a kowace awa, wato kamar ayaba ɗaya babba da dabino uku. Dalili shi ne sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta, wanda ake kira glikojen, yana da iyaka. In ya ƙare ƙafa ta yi nauyi, kai ya ɗau jiri, atisayen gobe ma ya lalace.

Akwai lissafin da likitocin wasanni ke yi wanda ya kamata mata musamman su sani. Abin da aka ci, a cire abin da motsa jiki ya ci, a raba da nauyin jiki ban da kitse. Ɗauki mace mai kilo 68 da kitsenta ya kai kashi 30 cikin 100, sauran jikinta wajen kilo 48 ke nan. Tana cin 1,400, tana ƙona 500 a gudu, saura 900. A raba da 48, bai kai 19 ba. In abin ya daɗe ƙasa da 30, jiki yakan fara rufe ayyukan da yake ganin za su iya jira: al'ada ta rikice ko ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni har ya tsage ba tare da faɗuwa ba, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya sa wa wannan yanayi suna RED-S a 2014, ya kuma bayyana cewa maza ma yana kama su. Wadda al'adarta ta ɗauke wata uku tana cikin rage abinci da atisaye, in ba ciki ba ne, ta ƙara abinci ta ga likita, kar ta ɗauka alamar nasara ce. Mai ciki da mai shayarwa da yaron da bai gama girma ba, wannan lissafi gaba ɗaya ba nasu ba ne.

Alamun an matse jiki fiye da kima ba su da wuyar ganewa: gudun da aka saba ya koma wahala sati biyu a jere, bugun zuciya na safe ya hau, barci ya riƙa yankewa da tsakar dare saboda yunwa, fushi ba dalili, jin sanyi alhali kowa na fifita. Wanda ya ga biyu ko uku cikin waɗannan ya ƙara 200 zuwa 300 a ranakun atisaye, kuma sitaci ya kamata ya ƙara, ba soye-soye ba.

Hajiya Mai Awo:

Ƙanena, duk an yi maka lissafin abin da ke fita. Ni na shiga zan taɓa, don a nan ramin ya fi zurfi. A 1992 an yi wani bincike a birnin New York kan masu ƙiba da ke cewa suna cin kaɗan amma ba sa ramewa. Da aka auna su da kyau, abin da suke faɗa na abinci ya gaza na gaskiya da kashi 47 cikin 100, motsin da suke faɗa kuma ya zarce na gaskiya da kashi 51. Ba maƙaryata ba ne, ido ne ba ya iya awo. Don haka ko 2,400 ɗin da kake zaton kana ci, da wuya in ita ce.

Bi wanda ya fito daga filin wasa da ƙarfe bakwai zuwa teburin mai shayi ka gani. Burodi giram 100, kalori 270. Ƙwai biyu, 150. Mai shayi ya karkata gorar mai cikin kasko ba tare da ya duba ba, abin da ya zuba ba zai gaza cokali ɗaya da rabi ba, 180, tunda babban cokali ɗaya na mai 120 ne. Ya lakato mayonez da wuƙa ya shafe cikin burodin, 100. Madarar gwangwani mai zaƙi cokali biyu, 130, ya bi ta da sukari dunƙule biyu, 40. Jimilla 870, kuma mutum zai tashi ya ce shayi kawai ya sha. A manhaja kuwa “burodi da ƙwai” zai rubuta, ta ba shi 400.

Fura ma haka. Gero giram 100 yana wajen 370. In dawon da aka dama maka ya ci gero giram 80, da nono kwata na lita, da sukari dunƙule uku, ka kusa 480 a kwano ɗaya. Ba cewa nake fura ba ta da kyau ba, abinci ce cikakkiya, sai dai a lissafa ta a matsayin abincin rana, ba abin jiƙa maƙoshi kafin a kawo tuwo ba. Lemun kwalba irin Coca-Cola 42 ne a kowane mililita 100, gwangwani ɗaya kusan 140, zoɓo da lemun tsamiya na leda kuma ba wanda ya san sukarin da aka zuba musu. Shayin fada: in an juye sukari giram 100 a buta don mutum biyar, kowa ya sha 80, kuma ba a tsayawa a na farko. Gyaɗa soyayya giram 30, abin da bai cika tafin hannu ba, 175.

Wanda ya fi kowanne ɓuya shi ne man miya. Kwata na lita na man gyaɗa ya ɗara kalori 2,000. In shi ake zuba wa tukunyar mutum takwas, rabonka wajen 260 ne kafin ka taɓa shinkafa, wadda ita dafaffiya 130 ce a giram 100. Ka roƙi uwargida ta riƙa auna mai da cokali ko da ƙaramin kofin shayi, ta faɗa maka nawa ta sa, ka raba da yawan masu ci. Kuma in a faranti ɗaya kuke ci da jama'a, ba yadda za ka san abin da ya shiga cikinka. Ka sa a zuba maka naka daban. Ƙaramin sikelin kicin mai batir shi ne abin da ya fi agogon nan amfani a gare ka, ka auna sati biyu kawai, bayan nan ido ya koya.

In yunwa ce ke damunka bayan tafiya, 200 ɗin da Malam Mai Horo ya bar maka tana yin aiki in an san inda aka sa ta. Dafaffen ƙwai biyu da yankan kankana babba, wajen 210. Ko nono kofi ɗaya ba sukari da ayaba ɗaya. Ko dafaffen wake giram 150 da albasa da yaji ba mai, bai kai 180 ba, yana kuma riƙe ciki har azahar. Ka nemi furotin giram 100 zuwa 130 a yini, a rarrabe cikin abinci uku, daga ƙwai, kifi, kaza, wake, nono, awara in ba a tsoma ta cikin mai ba. Shi ke kare tsoka lokacin da kitse ke tafiya, shi ke kuma kashe yunwa. Dambun zogale abin yabo ne, sai dai a lura da ƙuli-ƙuli da man da ake kwaɓa shi da su. Kilishi akwai furotin, amma ga tunkuza ga gishiri, washegari sikeli zai hau da ruwa ka ɗauka kitse ne.

Ɗan Boukoki:

Allah ya saka da alheri, Hajiya kamar kina bayana da safe. Na cire agogon daga manhajar. Abu biyu suka rage mini. Ran Lahadi fa, da ƙwallo ke kai mu awa ɗaya da rabi, ita ma 1,950 ɗin ce? Sannan ta yaya zan san lambar ta yi daidai, tunda sikelin nan yau 92, gobe 93, jibi 91 da rabi?

Majo daga Tawa:

Malam, bari in ɗauki ta biyun, don ita ce alƙalin duk lissafin da aka yi a sama. Mifflin da MET kirdado ne da aka ciro daga jama'a da yawa, naka jikin yana iya kaucewa da 200 sama ko ƙasa. Sikeli ne zai faɗi gaskiya, amma sai an san yadda ake tambayarsa.

Ka hau kowace safiya bayan ka kewaya, kafin ka ci ko ka sha, da tufafi iri ɗaya, sikeli ɗaya, a kan siminti ko tayil, ba kan tabarma ko yashi ba. Ka rubuta. Ƙarshen sati ka tara bakwai ɗin ka raba da bakwai. Wannan matsakaicin shi ake kwatantawa da na satin da ya wuce, ba Talata da Laraba ba. Hawa da saukar kilo ɗaya zuwa biyu cikin kwana biyu ruwa ne da abin da ke cikin hanji. Kowane giram na glikojen yana riƙe ruwa wajen giram 3, don haka tuwo mai yawa da dare yana nunawa da safe. Gishiri da dunƙulen miya suna riƙe ruwa. Tsokar da ta sha sabon aiki tana kumbura kaɗan ta riƙe ruwa kwanaki. Mata kuma kafin al'ada nauyi yakan hau, gara su kwatanta wata da wata.

Ka ba lambar sati uku zuwa huɗu ba ka taɓa ta ba. Abin nema shi ne saukar rabin kashi ɗaya zuwa kashi 1 cikin 100 na nauyinka a sati, a gare ka giram 460 zuwa 920. In ka sauka kilo 1.6 a sati huɗu, sau 7,700 ya ba da 12,320, a raba kwana 28, giɓinka na gaskiya 440 ne a yini, ka bar komai yadda yake. In bai kai giram 250 a sati ba, ka fara duba awon abinci, in ya tabbata daidai ne ka rage 150 zuwa 200. In ya wuce kilo ɗaya a sati bayan satin farko, ga kasala, ka ƙara 150 zuwa 200. Ka haɗa da igiyar awo ta tela a kan cibiya sau ɗaya a sati. Ana son ƙugu ya gaza rabin tsawo, naka ƙasa da santimita 87 da rabi. Wani lokaci sikeli na tsaye ƙugu na raguwa, wannan ci gaba ne.

Zafi kuma, mu nan Tawa da ku Yamai duk jirgi ɗaya ne a Afrilu da Mayu, ma'auni ya haura 40. Zufa ba kitse ba ce. Ka hau sikeli kafin ƙwallo da bayanta, kowane kilo da ya ɓace lita ɗaya ce ta ruwa, ka mayar da lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi cikin ƴan awanni, ba a shanye lokaci guda ba. Masu sa rigar leda ko jibga tufafi don su yi zufa, ba abin da suke ƙonawa ƙari, bugun zafi kawai suke nema, wanda ke iya kisa. Abin takaici agogo zai ma yaba musu, don zuciya ta yi ta bugawa.

Akwai waɗanda maganar mayarwa gare su ba ta kalori ba ce. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan glibenclamide, motsa jiki yana iya faɗar masa da sukari, cikin aikin ko awanni bayansa, har cikin dare. Ya auna kafin ya fita, ya riƙe sukari dunƙule uku zuwa huɗu a aljihu, wato giram 15 zuwa 20. In ya ji rawar jiki, zufa mai sanyi, gani ya dushe, ko na'ura ta nuna ƙasa da giram 0.70 a lita, ya sha nan take, ya sake aunawa bayan minti 15. Wannan ba a lissafa shi cikin rabon yini, magani ne. Ya kuma sanar da likitansa ya fara rage abinci, don a duba yawan maganin. Maganin sukarin nan metformine shi kaɗai ba kasafai yake jawo haka ba. Masu shan maganin hawan jini irin atenolol ko propranolol su kuma agogo ƙasa zai riƙa ƙirga musu, don maganin yana danne bugun zuciya. Duk wanda tafiya ke sa shi ciwon ƙirji ko numfashi ya sarƙe fiye da kima, ya tsaya a duba shi kafin ya ci gaba.

Mai Horo Yantala:

Ta Lahadi kuma, Malam. Ƙwallon unguwa tana wajen MET 7, a cire 1 na zama, 6 sau 92, wajen 550 a awa guda ta wasa na gaske. Cikin awa ɗaya da rabin nan ka cire jiran a cika, da gardamar fanareti, da neman ƙwallo in ta faɗa gidan maƙwabta, da wuya a samu fiye da awa guda. Bi ƙa'idar Malama ka mayar da rabi, 250 zuwa 300, ranar ta zama wajen 2,200. In gola kake tsarewa, bar ta a 1,950. Ka ci abincin rana awa biyu zuwa uku kafin wasa, ƙarin kuma ka sa shi cikin abincin dare, ludayin shinkafa da yankan kifi ko nama, maimakon lemun da ake saya a bakin fili, wanda gwangwani biyu sun cinye shi kuma yunwar na nan.

In ka sauka kilo biyar ka sake lissafin daga farko. A kilo 87 abin da jiki ke ƙonawa a kwance ya ragu da 50, tafiyar ma ta rage ci tunda kayan da ƙafa ke ɗauka sun ragu, sai ka cire wajen 80 zuwa 100 daga rabon yini ko ka ƙara minti 15 zuwa 20 a zagayen.